Yadda na hana ruwa cinye filastar kwamin ninƙaya

Bayan damina na shafa bangon kwamin da nake kula da shi, na ji kaushi, ga farar ƙura a tafin hannuna. Da farko kulorin, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, na ɗora wa laifi. Ashe ruwan sama ne ya tsinka ruwan: gwaji ya nuna sinadarin kalsiyam da ke cikin ruwan 120 ppm ne, wato kashi 120 cikin miliyan, alhali filasta tana son 200 zuwa 400. In ruwa ya rasa kalsiyam, jikin bango yake yagowa.

Na sayo kalsiyam kulorayid, sinadarin da ke ƙara wa ruwa kalsiyam, na narkar da shi a bokitin roba. Zafi yake yi sosai, sai da safar hannu. Na raba uku, na zuba cikin kwana uku, injin famfon kwamin yana juya ruwan. Ban haɗa shi da soda, garin rage tsamin ruwa, rana ɗaya ba, don ruwan zai yi fari fat. Yanzu kalsiyam ɗin yana 270, ƙurar ta tsaya. Kaushin da ya riga ya fito kam sai an goge.