Yadda za ku shirya tafiyar kallon tsuntsaye da iyali daga Zariya

Toh, duk wanda ke son ya kwashi iyali a mota a je neman tsuntsun da ba a ganinsa ko'ina, kar ya fara da tafiyar, ya fara da gida. Ranar Asabar bayan sallar asuba ku ɗauki yara ku je bakin dam ɗin ABU a Samaru ko gindin dutsen Kufena, ku zauna shiru na awa ɗaya kawai. Anan za ka gane wane yaro ne zai iya haƙuri, wane ne zai fara kukan yunwa kafin rana ta fito. Balbela da zalɓe da kurciya da cilakowa duk za ku iya gani, kuma yaron da ya saba bambance waɗannan shi ne zai gane in baƙo ya gifta.

Inda ya fi dacewa a nufa daga nan shi ne Jos, dajin Amurum da ke kusa da ƙauyen Laminga, kaman kilomita 15 daga cikin gari. Akwai wani ɗan jan tsuntsu a wurin, dangin baiwar Allah ɗin nan da ke tsintar tsaba a tsakar gida, amma shi a cikin duwatsu yake zama, Turawa na ce masa Rock Firefinch, kuma sai a 1998 masana suka tabbatar cewa jinsi ne daban. Sannan ga maƙwabcinsa Jos Plateau Indigobird, wanda ni labarinsa ya fi burge ni, don macen ba ta saƙa sheƙa sam, sai ta lallaɓa ta saka ƙwanta a sheƙar jan tsuntsun shi ya yi mata renon, namijin kuma ya tashi yana kwaikwayon kukan wanda ya rene shi. Ku ba yara wannan labarin tun a mota, wallahi za su fi ku zumuɗin nemansa.

Lokaci shi ne babban abu. Ƙarshen damina zuwa farkon kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, lokacin namijin Indigobird ɗin yana cikin baƙin gashinsa mai sheƙi, in lokacin ya wuce sai ya koma ruwan ƙasa kaman gwara, ko ya sauka gabanka ba lallai ka gane shi ba. A daidai lokacin ne kuma tsuntsayen Turai masu gudun sanyi ke isowa. Matsalar dai makaranta, ba hutu sai Disamba, ga hazo ga sanyin Jos da ba ya wasa, don haka gara a nemi ƙarshen mako mai tsawo.

Hanya ta Pambeguwa da Saminaka za ku bi. Kafin ranar, maigida ka leƙa tasha ka tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum yadda take, su ne suka san inda ya lalace da inda ba a bi da yamma, kuma don Allah kar a yi tafiyar dare da yara. Ku tashi da safe, ku isa da rana, ku kwana a Jos, washegari ƙarfe shida ta same ku a bakin daji, don da rana ta ɗaga tsuntsaye sun shige duhuwa shi kenan.

A cikin Amurum ɗin akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke aiki da Jami'ar Jos. Ku tuntuɓe su tun kuna Zariya, kar ku faɗo musu haka kawai. Wanda ya san wurin da kunne yake nema, zai ce maka tsaya, ka ji wancan? kai kuma ba ka ji komai ba sai iska.

Kaya ba su da yawa. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya isa, amma in da hali a samu biyu, in ba haka ba faɗan "Baba ni ma ba ni" zai kori duk abun da kuka zo gani. A sauke manhajar Merlin mai taimakawa wajen gane tsuntsaye a waya tun a gida saboda netwok. Littafin rubutu da fensir ga kowane yaro, takalmi rufaffe saboda dutse da ƙaya, rigar sanyi, kaya masu duhu ba farar shadda ba. Uwargida ta haɗa shayi a fulas da dambu ko soyayyen nama. Danko kuwa a caje aljihun samarin tun kafin a shiga mota.

In akwai sauran kwana da mai, ku wuce Bauchi ku shiga Yankari, ƙila ku dace da burtu yana takawa a ƙasa, yara kuma su yi wanka a ruwan ɗumin Wikki. Dausayin Haɗeja da Nguru, inda dinya da kirinjijiya suke, tafiya ce ta daban ta hanyar Kano, a bar ta sai hutun Disamba.