Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Haɗa Jitar Gareji da Sautin Na'ura

A garejin mota aka haifi kiɗan garage rock, a Amurka ta shekarun 1960, inda samari ke haɗuwa da jita da ganga da tsohuwar amfilifaya su yi ta ɓarin sauti. Daga baya aka ɗaura masa aure da sautin na'ura. Ƙungiyar Yeah Yeah Yeahs ta birnin New York ta yi hakan a faifanta na 2009, It's Blitz!, su kuwa The Kills mutum biyu ne, na'ura ce makaɗin gangarsu. In kana son gwada salon a manhajar haɗa kiɗa irin FL Studio ko Ableton, ga inda ƙafa ke zamewa.

Babban kuskure shi ne wanke ƙurar. Mutum ya naɗi jita, sai ya zauna yana jawo kowane bugu yana ɗora shi daidai kan layin kwamfuta, har kiɗan ya koma kamar faretin sojoji. Ai daɗin abin a sa-in-sar yake: na'ura tana tafiya ƙyam, jita tana ɗan riga ta ko ta makara. Bar na'ura ta riƙe lokaci. Jitar kuwa ka naɗe ta a zama ɗaya, kuma in yatsa ya goge wayar jitar ta yi ƙara, ƙyale shi, kayan miya ne.

Wasu kuma ƙurar jabu suke saye, su ture sauti har ma'auni ya shiga ja. Tsohon tef yana haɗiye irin wannan ya ba da ɗumi, amma kwamfuta da zarar an wuce 0 dB (ma'aunin ƙarfin sauti) sai ta datse sautin, ya riƙa soya kunne. Ƙazantar daga amfilifaya za ta fito. Ƙarama ma ta isa: ƙure ta, kafa makirufo irin Shure SM57 dab da lasifika, ka naɗa ƙololuwar sautin tana wajen -12 dB.

Sai rikicin kishiyoyi. Bas na na'ura, wato sautinta mai kauri, da ƙasan sautin jita ɗaki ɗaya suke so, tsakanin 80 da 250 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti), kuma in aka bar su sai komai ya zama kunu. Yanke wa jita duk abin da ke ƙasa da 100 Hz. Ita kaɗai za ka ji ta rame, amma cikin taro za ta fito fes.

Murya fa? Hannunmu ya saba da Auto-Tune, manhajar gyara murya, a situdiyoyinmu, to a nan a ɗaga masa ƙafa.

Kada kuma ka matse waƙar don ta fi ta kowa ƙara, tunda Spotify yana daidaita waƙoƙi zuwa wajen -14 LUFS (ma'aunin ƙarar waƙa), ka yi asarar bugun gangarka a banza. Kafin ka fitar, saurara a lasifikar waya. In bas ya ɓace, ɗan ƙazanta shi kaɗan har ya leƙo.