Yadda Ake Tayar da Peugeot 504 da Ta Daɗe a Ajiye

A gidaje da yawa a Kano, Zariya, Katsina har zuwa Maraɗi, akwai Fijo 504 da ke kwance a ƙarƙashin dalbejiya, tayu sun sace, ƙura ta rufe gilashi. Motar ta fito a Faransa a 1968, masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna kuma ta fara harhaɗa Peugeot a 1975, ta ci gaba da fitar da 504 shekaru masu yawa bayan Faransa ta daina a 1983. Ita ce motar ma'aikatu, ita ce wagon ɗin tasha mai kai fasinja Sakkwato da Maiduguri. Direban wancan zamani ba ya kama hanya sai da kwantak da kwandansa (ƙananan kayan wutar da ke cikin distirbuta) da fambel a ajiye, domin ya san da su da sifana uku zai iya komawa gida. Wannan sauƙin yana nan har yau. Abin da ke kashe irin waɗannan injuna shi ne gaggawa: a ɗaura sabon batir, a murɗa makulli, ringi ya kankare silinda a bushe.

Kayan aikin ba su da yawa. Sifanu daga lamba 8 zuwa 19, sukudireba, filaya, fila geji (siraran ƙarafan auna tazara), sanfefa mai laushi, ƙwan fitila na bolt 12 da aka haɗa wa wayoyi biyu, ƙaramar jarka, da doguwar sifanar fulogi. Dole ta zama doguwa, saboda fulogin 504 a can ƙasan bututu yake cikin murfin inji, gajeriya ba ta kai masa.

Fara da fulogi. Kafin ka kwance, hura iska cikin bututun, don yashin da ya taru kada ya zube cikin silinda. Zuba cokali biyu na baƙin mai da aka sirka da gas a kowace huda, ka bar shi kwana biyu. Daga nan ka sa giya ta huɗu, a tura motar gaba da baya a hankali, kana kallon fuli. In ya juya, madalla. In ya cije, ƙara mai, ƙara kwanaki, kada a ɗaura igiya a ja da wata mota, domin ringin da tsatsa ta kama karyewa yake yi.

Nan ne ake yin kuskuren da ya fi tsada. Injin 504 samfurin XN1 mai cc 1971 silindarsa ba a jikin bulo take ba, hannun riga ne guda huɗu da ake zurawa, ruwa na zagaye su, kowanne zaune a kan siririn gasket a gindinsa. In aka cire tof silinda, wato kan inji, aka juya inji ba a danne su da washa da noti ba, fistin zai ɗago su, gasket ɗin ƙasa ya tashi daga aiki, ruwa ya riƙa sauka cikin mai. Ko wajen cire tof ɗin ma ba a ɗaga shi tsaye. Ana barin noti ɗaya a kusurwa a murza shi gefe har ya rabu da gasket. Saboda haka in babu dole, bar tof ɗin a inda yake.

Juye tsohon mai ka duba launinsa. In ya yi kama da koko ko shayi mai madara, ruwa ya shiga. In yana warin fetur, famfon fetur ne ya huje. Sa sabuwar filta, ka zuba kusan lita 4 na 20W-50, wanda ya dace da tsohon inji da zafin ƙasarmu.

Tunda inji a sanyaye yake, lokacin saita bawul ke nan. Na shigar da mai milimita 0.10, na fitar da hayaƙi 0.25. Ka lura da wani abu da ke rikitar da yaran gareji da suka saba da motocin Japan: a Fijo, silinda ta 1 ita ce ta baya, wajen giya, ta 4 ce a kusa da lagireto. Tsarin wuta 1-3-4-2 ne. Hanyar da tsofaffin makanikai suke bi ita ce, idan bawul ɗin hayaƙi na 1 ya buɗe gaba ɗaya, sai a saita na mai na 3 da na hayaƙi na 4. Idan na 3 ya buɗe, na mai na 4 da na hayaƙi na 2. Idan na 4 ne, na mai na 2 da na hayaƙi na 1. Idan na 2 ne, na mai na 1 da na hayaƙi na 3. Fila geji ya wuce da ɗan ja, ba sakwaf ba. Masu matse bawul don inji ya yi shiru suna ƙona shi ne. Ɗan ƙas-ƙas ɗin nan alamar lafiya ce.

Sai wuta. Buɗe murfin distirbuta, ko ƙirar Ducellier ce ko ta Paris-Rhône, ka duba ko akwai tsagewa ko baƙin layi a ciki, ka taɓa ɗan gawayin tsakiya ka ji yana komawa. Kwantak ɗin da ya shekara a zaune yakan yi kore. Goge fuskokinsa da sanfefa, sannan ka zura farar takarda ka share, domin ɗigon maiƙo ɗaya ya isa ya hana wuta. In fuskokin sun yi rami da tudu, ko sun yi shuɗi, kwandansa ce ta mutu, sai a canza su tare. Juya inji har kwantak ya buɗe iyakarsa, ka saita shi a 0.40. Bakin fulogi kuma 0.6. Shafa giris kamar ƙwayar gero a jikin sandar da ke buɗe kwantak, kada ya wuce haka.

Kwantak ake fara saitawa kafin tayamin, wato lokacin da wuta ke isa fulogi, don duk sauyin da aka yi wa tazararsa yana gusar da tayamin. Kawo alamar fuli daidai da ta farantin da ke gefensa, rota na fuskantar wayar silinda ta 1. A tsofaffin injuna babu faranti, sai wata huda a gidan kuloci da ake zura ƙarfe mai kaurin milimita 8 har ya faɗa ramin fulawil. In ka yi amfani da shi, zare shi nan take, mantuwa da shi ta fasa gidan kuloci da yawa. Haɗa waya ɗaya ta ƙwan fitila a inda wayar kwayil ke shiga distirbuta, ɗayar a jikin inji. Buɗe makulli, sassauta notin distirbuta, ka murɗa ta zuwa inda rota ke juyawa har fitila ta mutu, sannan ka dawo da ita sannu a hankali. Daidai inda fitila ta kama, nan za ka ɗaure. Kashe makulli da ka gama; barinsa a buɗe inji ba ya aiki yana dafa kwayil.

Fetur ɗin da ke tanki ka ɗauka ya mutu. Bayan shekara yakan koma ja mai warin fenti, ya bar danƙo a ko'ina. Cire tiyon da ya zo daga tanki, ka ba famfo sabon fetur daga jarka. Buɗe saman kafireta, ƙirar Solex ce a mafi yawansu, ka wanke kwanon, ka girgiza fulot, wato abin da ke yawo a kan fetur cikin kwanon, kusa da kunne: in ka ji ruwa a ciki, ya huje, kuma shi ke sa mota ambaliyar mai. Jet-jet ɗin a hura su da iska. Kada a tsokane su da waya ko allura, domin tagulla ce mai taushi, hudar tana faɗaɗa, motar ta koma shan mai da baƙin hayaƙi har abada. Duk tiyon roba da ya yi tauri a sauya shi, a kuma ajiye bokitin yashi kusa.

Cika lagireto, ka matsa tiyoyinsa ka ji ko sun ruɓe. Kafin ka mayar da fulogi, cire ƙaramar wayar da ke kai wuta kwayil, ka yi ta kik na daƙiƙa goma-goma har jar fitilar mai ta mutu. Wannan ne ke kai mai ga metal, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu, kafin nauyi ya hau su. Yanzu mayar da komai, ja cok, taka totur sau biyu, ka tayar. Farin hayaƙi da shuɗi na mintunan farko man da ka zuba ne ke ƙonewa. In tana harbi ta kafireta, an sauya wayoyin fulogi, yawanci saboda an ƙirga silinda daga gaba. In kumfa na tasowa a bakin lagireto ba tsayawa, gasket ɗin tof ya tafi.

Bar ta ta yi zafi, ka daidaita silo, wato juyin inji ba tare da taka totur ba, wajen juyi 800 zuwa 900 a minti. Yawancin 504 fankarsu mai maganaɗisu ce, ba ta kamawa sai ruwa ya yi zafi, sai ka ji ƙas. In allura na hawa fanka ba ta kama ba, duba ɗan gawayin da ke bayan fulin famfon ruwa da wayarsa kafin ka zargi lagireto.

Kada ta taka titi sai an juye man birki gaba ɗaya an sa sabo, an duba ko kalifa ta cije, an kuma sauya tayu ko da zanensu bai cinye ba, domin robar da ta sha rana daga gefe take fashewa. Bayan kilomita 500, sake juye baƙin mai da filta, ka bar inji ya kwana ya huce, ka maimaita awon bawul da na kwantak.