Kafin ka tura kuɗin kayan keke ta waya

Sana'ata gyaran keke ce. Tunda samari suka koma hawan keken giya, sai ka ga yaro ya zo rumfata da ƙullin kayan da ya yi oda a waya, yana cewa, "Baba, a ɗaura mini." Wani kayan mai kyau ne, wani jabu ne, wani kuma na ƙwarai ne amma ba na kekensa ba. Ga yadda nake so a riƙa sayayya.

Ka fara da lamba, ba da suna ba. Idan ka ce wa mai kaya "ina son sarƙar Shimano", wato sunan kamfanin kawai, ka ba shi dama ya turo maka duk abin da ya ga dama. Ƙirga faifan haƙoran da ke tayar baya tukuna. Mai 6, 7 ko 8 yana ɗaukar sarƙa irin CN-HG40, mai 9 CN-HG53, mai 11 CN-HG601. Sannan ka ce ya ajiye kayan kusa da takardar da ya rubuta sunanka da kwanan wata, ya ɗauko hoto yadda lambar za ta fito, ko ya kira ka ta bidiyo. Wanda ya kwaso hotunansa daga intanet a nan yake fara kame-kame.

Taya ma haka. Babban keken nan irin su Phoenix da Raleigh na iyayenmu, tayarsa 28 x 1½ ce, ainihin ma'auninta milimita 635. Tayar keken tsere, wadda ake rubuta wa 700C, ita ma wasu 28 suke ce mata, alhali 622 ce. Milimita 13 ne kawai tsakaninsu, amma ko za ka kwana kana danna ta ba za ta zauna a rim ba. Duba gefen tsohuwar tayarka, za ka ga lamba kamar 40-635 ko 50-559. Ita za ka tura wa mai kaya.

Akwai wani kuskure da nake yawan ji, wai duk abin da aka rubuta wa China jabu ne. Ba haka ba ne. Shimano kamfanin Japan ne, an kafa shi a garin Sakai a 1921, amma yana da masana'antu a Malesiya da Singafo da ita kanta China. Haka kuma akwai kayan da ake kawowa a leda ba kwali, waɗanda asali an yi su ne don kamfanonin da ke harhaɗa sababbin kekuna, suka ɓullo kasuwa ta bayan fage. Yawanci na ƙwarai ne, sai dai in sun ba da matsala babu wanda za ka riƙe. Masu jabu kuma sun gano wannan ƙofa, kowa ya ce nasa "na kamfani ne, shi ya sa ba kwali". Don haka ka fara tambayar farashi a shaguna biyu ko uku a kasuwa. Idan na wayar bai kai rabin wannan ba, araha ba ta ado, ka ƙyale shi.

In sarƙa ta iso, kai ta haske. Rubutun da aka buga a jikin gaɓoɓin ta ƙwarai yana fitowa tsaf, zurfinsa ɗaya. Na jabu wani wuri ya dushe, wani ya karkace. Lanƙwasa ta gaɓa-gaɓa, kada ka ji inda ta cije. Amma ainihin alƙalin shi ne awo. Tsakanin fil da fil rabin inci ne, wato milimita 12.7, don haka gaɓa 24 inci 12 ne cif. Bayan 'yan makonni kana hawa, ka ɗora rula. Idan har ta wuce da kashi ɗaya cikin takwas na inci tun tana sabuwa, ƙarfen banza aka sayar maka, cire ta kafin ta cinye haƙoran giyarka, waɗanda sun fi ta tsada. Ni dai in aljihun mutum bai kai ba, gara in ɗaura masa sarƙar kamfanin KMC na Taiwan mai suna nata, da sarƙar da ta ari sunan wani.

Inda ba na sassauci shi ne birki, da kan keke na kabon, da hular kwano. Sarƙa in ta tsinke, sau da yawa tura keken gida kawai za ka yi. Takalmin birkin faifai na jabu kuwa, kayan da aka manna masa na iya ɓarewa daga ƙarfen kana tsakiyar gangara. Hula kuma ana liƙa mata alamar gwajin inganci ta EN 1078 ko CPSC, amma sitika kowa na iya bugawa. Waɗannan ka saye su a shagon da za ka iya komawa gobe.

Sai maganar kuɗi. A Jiji ko Facebook ko Instagram, idan mai kaya yana garinku, ku haɗu a wurin jama'a, ka gani, ka biya. Idan daga nesa yake, ka sa wani naka da ke can ya je ya duba ya sa a mota. Ɗan damfara yakan fara da ƙaramin abu: turo kuɗin mota kawai. Ka tura, gobe direba ya tsaya a hanya, jibi kwastam sun riƙe kaya, kowane da nasa kuɗin. Kula da sunan da ke fitowa a asusun banki, ya dace da na wanda kake magana da shi. Da ka ji "wani na nan zai ɗauka yanzu", ka ce Allah ya sa albarka.

A manyan shafuka irin su Jumia da AliExpress, ka biya a cikin shafin. Duk wanda ya ce ku koma WhatsApp ya rage maka, so yake ya fitar da kai daga inda za ka iya kai ƙara. Ka ɗauki bidiyo tun daga yanka ledar har lambar kayan ta fito, kuma kada ka danna cewa ka karɓa lafiya sai ka gwada shi a jikin keke. Idan kuwa kuɗin sun riga sun tafi wa ɗan damfara, ka kira bankinka a ranar, da rasidin turawa da hotunan hirarku, sannan ka kai rahoto ofishin 'yan sanda.