Yadda Malami Zai Shirya wa Ɗaliban Ajin Ƙarshe Aikin Waiwaye

Makonnin ƙarshe na ɗalibin da zai kammala sakandare sukan ƙare ne tsakanin fargabar jarrabawa da ɗokin fita, har ya bar makaranta bai taɓa zama ya tambayi kansa abin da shekarun nan suka mayar da shi ba. Aikin waiwaye shi ne wanda malami zai ba ɗalibi domin ya dubi hanyar da ya biyo, ya auna abin da ya koya, sannan ya rubuta shi ko ya gabatar da shi da baki. Ya kamata a sanar da aikin tun saura kamar mako shida a rufe makaranta, domin idan aka bar shi sai satin ƙarshe, abin da za a samu shi ne godiya ga malamai da kalaman bankwana kawai.

Matakin farko, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan aikin, shi ne tattara shaida kafin a rubuta ko da layi ɗaya. A umarci kowane ɗalibi ya tono tsofaffin littattafansa na rubutu, da takardun gwajin da aka mayar masa, da insha'in da ya rubuta a shekararsa ta farko, da duk wani hoto ko takardar yabo da ya adana, sannan ya zaɓi uku zuwa biyar daga ciki. Lallai ne ɗaya daga cikinsu ya kasance aikin da bai yi kyau ba. Dalili kuwa shi ne, idan aka ce wa matashi ya faɗi abin da ya koya ba tare da wani abu a gabansa ba, kusan kowa zai ce ya koyi haƙuri da juriya, kuma ba ƙarya ya yi ba, sai dai maganar ba ta nuna komai game da shi. Amma wanda ya ajiye insha'insa na farko kusa da na bana zai ga da idonsa inda tunaninsa ya sauya. Masanin ilimi ɗan Amurka John Dewey ya bayyana tun a 1910 cewa tunani mai zurfi yana farawa ne daga wani abin da ya ɗaure wa mutum kai, kuma takardar da aka cika da jan biro tana tayar da irin wannan tambayar fiye da takardar yabo.

Bayan haka sai a ba ɗalibai tambayoyin da za su yi wa kowace shaida. Masanin ilimi ɗan Birtaniya Graham Gibbs ya fitar da tsarin waiwaye mai matakai shida a 1988, daga bayanin abin da ya faru har zuwa shirin abin da za a yi nan gaba, amma ga 'yan sakandare na fi son tambayoyi uku da malami ɗan Amurka Terry Borton ya fitar a 1970: me ya faru, mece ce ma'anarsa, kuma yanzu me za a yi? Ɗalibar da ta faɗi gwajin lissafi a shekararta ta biyu, alal misali, za ta iya faɗin abin da ya faru cikin jimla biyu. A tambaya ta biyu ne aikin yake, domin a nan za ta gane cewa kunyar ɗaga hannu a aji ce ta kayar da ita, ta kuma nuna lokacin da ta fara tambaya. Amsar tambaya ta uku kuwa dole ta zama abin da za a iya aikatawa, kamar neman malami a makon farko na duk darasin da ya yi mata wuya a makaranta ta gaba. Yawancin ɗalibai sukan cika shafi da tambaya ta farko su tsallake ta biyu, saboda haka a nan ne malami zai fi sa ido idan yana duba daftarin farko.

Siffar aikin a bar wa ɗalibi ya zaɓa: wasiƙa zuwa ga kansa wadda zai buɗe bayan shekara biyar, ko wasiƙar nasiha ga sabon ɗalibi, ko kundin ayyuka mai ɗauke da bayani a ƙarƙashin kowanne, ko magana ta minti biyar da aka naɗa a waya. Kada a nemi tsawo. A tsarin International Baccalaureate, wani tsarin karatu na ƙasa da ƙasa, ɗalibin da ya rubuta dogon bincike mai kalma 4,000 ba a ba shi fiye da kalma 500 domin waiwayensa, kuma wannan ma'auni ne mai kyau.

Akwai batun sirri, wanda bai kamata a yi wasa da shi ba. Wasu ɗaliban sun yi rashi a cikin shekarun nan, wasu sun sha wahalar da ba su taɓa faɗa wa kowa ba. A gaya musu tun ranar farko cewa babu wanda za a tilasta wa buɗe cikinsa, a faɗa musu wanda zai karanta aikin, a kuma sanar da su cewa idan rubutu ya nuna wani yana cikin haɗari, malami zai kai maganar ga wanda ke da alhakin kula da ɗalibai.

Wajen ba da maki, ba a auna abin da ɗalibi ya ji a ransa. Ana duba ko ya kawo shaida, ko ya yi mata bayani mai ma'ana, da ko matakin da ya ce zai ɗauka a fili yake. Hira ta minti biyar da kowane ɗalibi a kan aikinsa ta isa ta nuna ko shi ya rubuta. A ranar gabatarwa, kowa ya karanta sakin layi ɗaya da ya zaɓa da kansa. Wasiƙun da aka rubuta domin gaba kuma a rufe su a ambulan, a rubuta ranar buɗewa a bayansu, a miƙa wa masu su su tafi da su gida.