Yadda Za Ka Karanta Tallar Gida a Sakkwato

Da farko, duba unguwa. Idan aka rubuta "Arkilla" ko "Mabera" kawai, kira dillali ya faɗa maka layin, domin unguwa ɗaya tana da tudu tana da kwari. Ka tambayi maƙwabta inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta, ka kuma dubi gindin katanga: alamar jiƙa ba ta ɓuya, ko an sha fenti.

Sai girma. "Fuloti ɗaya" yawanci ƙafa 50 ne da 100, amma ka je da tef ka auna da hannunka.

Maganar takarda ita ce babba, kuma nan nake so ka tsaya sosai. "Akwai takardu" bai isa ba. Wace iri? Shaidar mallaka ta gwamnati ce, ko yarjejeniyar ciniki da mai unguwa ya sa wa hannu? Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, shaidar gidan zama kuwa yawanci ta shekara 99 ce. Ɗauki lambar fayil ka tantance a ma'aikatar filaye ta jiha. In gidan gado ne, kada ka ba da ko sisi sai dukkan magada sun amince a rubuce. Na ga dattijon da ya biya, bayan wata biyu sammacin kotu ya iso masa.

Daga nan ka je da tsakar rana, ka ji zafin ɗakunan, ka buɗe famfo, ka nemi takardar kuɗin wuta ta ƙarshe.

La'adar dillali kuma, ku yanke ta kafin a yi sallama.