Yadda ake tantance zanen bindiga mai harsashi marar kwanso

Zane-zanen bindigogin soja masu harsashi marar kwanso sun cika wayoyi, kuma samari a Gumel da Haɗejia kan yi muhawara a kai. Ga yadda za ka gane zanen da ke da tushe.

Fara da aikin kwanso, wato ɓawon tagullar da ke riƙe da albarushi da kan harsashi. Kwanson tagulla yana kumbura idan aka harba, ya toshe bayan mazaunin harsashi kada iskar wuta ta dawo wa mai harbi. Yana fita da zafi tare da shi, kuma yana kare albarushi daga danshi da karyewa. Duk zanen da ya cire kwanso, sai ya nuna abin da zai ɗauki waɗannan ayyuka. Bindigar toka ta mafarauta ba ta da kwanso, amma bayanta a toshe yake, kuma tana hucewa kafin a sake ɗura ta. Bindigar soja ba ta samun wannan hutu.

Zafi ne babbar tambaya, a nan ka fi tsayawa. Idan babu kwanso, zafin kowane harbi yana taruwa a mazaunin. Harsashi na gaba dunƙulen albarushi ne tsirara, yana taɓa ƙarfe mai zafi kai tsaye, sai ya tashi da kansa ba a ja kunama ba. Wannan ya dami bindigar G11 mai harsashi marar kwanso, wadda kamfanin Heckler & Koch na Jamus ya ƙera, kamfanin Dynamit Nobel kuma ya yi mata harsashi mai girman 4.73×33mm. Sai da aka sauya albarushin farko da wani mai jure zafi. Saboda haka nemi adadi: harbi nawa a jere kafin harsashi ya tashi da kansa, kuma a wane yanayi aka gwada? Gwajin ƙasar sanyi bai isa shaida ba ga Maigatari a watan Afrilu, inda zafi kan wuce digiri 40 tun ba a yi harbi ko ɗaya ba.

Sannan duba toshiya. Mazaunin G11 juyawa yake da digiri 90 ya karɓi harsashi daga gidansa da ke saman bututu. Kowace mahaɗa a irin wannan tsari ƙofar yoyon iska ce, kuma ƙurar hunturu tana cin ta.

Tambayi yadda ake fitar da harsashin da ya ƙi tashi, tunda babu gindin tagulla da za a kama a jawo. Zanen da bai nuna ƙofar fitar da shi ba bai kammalu ba. Haka ajiya: dunƙulen na iya tsagewa a jijjigar mota, ko ya sha danshi da damina.

Amma ribar cire kwanso gaskiya ce. Harsashin G11 bai kai rabin nauyin harsashin 5.56mm na sojojin ƙawancen NATO ba, kuma bindigar tana sakin harsashi uku a jere da gudun kusan 2,000 a minti, kafin bugun bindigar ya isa kafaɗa. Duk da haka, bayan haɗewar Jamus ta Gabas da ta Yamma a 1990 aka ajiye ta, daga baya aka ɗauki bindigar G36 mai harsashi mai kwanso. Amurka ma ta gwada marar kwanso a shirinta na ƙera makamai marasa nauyi mai suna LSAT, amma a 2022 ta zaɓi bindigar SIG Sauer mai harsashi 6.8×51mm, wanda kwansonsa tagulla ne da gindin ƙarfe.